Yadda za ka jingina ga Ubangiji bayan rasuwar uwa ko uba, mataki-mataki

Mutane sun daɗe suna tambayata wannan magana, wasu bayan an tashi sujada ranar Lahadi, wasu ta waya, yawanci matasa ne na ƙauyukanmu ta wajen Sumaila, Tudun Wada, Rogo da Karaye, har da 'yan'uwa na Jigawa. Tambayar kusan iri ɗaya ce, Baba ya rasu ko Inna ta rasu, an yi jana'iza kowa ya watse, toh ni yanzu ya zan yi, addu'ar ma ta ƙi fita. Shi ya sa na ga gara in jera abun daki-daki yadda na ga yana taimakon mutane a ikilisiya. Zan riƙa cewa "ka" saboda sauƙin rubutu, amma ke ma 'yar'uwa da ke nake.

Kayan da za ka buƙata ba su da yawa: Littafi Mai Tsarki na Hausa, ko na sauti a memori in karatu na ba ka wuya, littafin waƙoƙin coci, ƙaramin littafin rubutu da biro, fitilar da ke da caji, sai lambar wayar mutum biyu da za ka iya kira ko da tsakar dare ne.

1. Awannin farko: kira mutum uku, ka bar sauran

Da zaran rai ya yi halinsa, kar ka ɗauki waya ka hau kiran duniya. Ka kira fasto ko mai bisharar da ke riƙe da cocinku, ka kira babban gida, wato baffa ko kawu ko wanda dai ake jin maganarsa, sannan ka kira shugabar zumuntar mata. Su ukun nan za su raba aikin, fasto da dattawa su ji da maganar kabari da sujada, babban gida ya sanar da dangi da mai unguwa, mata kuma su shigo wajen mahaifiya da yara da tukunya. Kai ka zauna. Kafin a taɓa gawa ku tara 'ya'yan da ke kusa a yi gajeriyar addu'a, ko addu'ar Ubangiji kaɗai kuka iya yi ta wadatar.

Gargaɗi: kar a saka hoto ko sanarwa a Facebook ko WhatsApp kafin a kira 'ya'yan da ke nesa, wanda ya tafi cirani Legas ko Fatakwal, wadda ke aure a wani gari, wanda ke makaranta. Mutum ya ga rasuwar uwarsa a status abu ne da ba ya mantuwa. A samu dattijo ya kira shi, in da hali a tabbatar akwai wani kusa da shi lokacin da za a faɗa masa.

2. Jana'iza: ku yi lissafi kafin a fara kashe kuɗi

Ku zauna ku 'ya'ya da babban gida ko na minti ashirin ne, a rubuta abin da dole sai an biya da abin da za a iya bari. Na dole dai su ne katako da ladan kafinta in za a yi akwati, farin yadi, ruwa da abincin masu haƙa kabari, abincin baƙin da suka zo daga nesa, kuɗin mota in a asibiti aka rasu. Wanda za a iya bari: hayar rumfa da kujerun roba alhali ga bencinan coci ga inuwar darbejiya, buga takardar tsarin sujada mai hoto, ankon zani, ɗauko janareta da lasifika a sha fetur kwana uku. Farashi kullum canzawa yake, don haka a aiki mutum ɗaya ya tambayo kafin a ce an yarda, kuma mutum ɗaya tak ya riƙe kuɗin gudummawa yana rubuta wa ya kawo me, kwano nawa na gero, nawa aka fitar.

Ajiye gawa a mutuware saboda a jira wani ya iso shi ne ke cin kuɗi fiye da tsammani, don kowace rana sai an biya, ga motar kaiwa ga ta dawowa. In zafi ne irin na watan Afrilu kuma asibitin da ke da wuta na da nisa, ra'ayina a binne da wuri, daga baya a sa ranar sujadar ta'aziyya da kowa zai samu zuwa.

Gargaɗi: kar a jinginar da gona, kar a sayar da shanun huɗa, kar a buɗe rumbu a kwashe hatsin shekara wai don kar a ce ba ku yi wa tsoho gata ba. Bayan mako ɗaya masu cewar sun koma gidajensu, ƙannenka ne za su kwana da yunwa a watan Agusta. Girmama iyaye da Fitowa 20:12 ta ce ba a auna shi da yawan shinkafar da aka dafa.

3. Zaman makoki: ka yi kukanka

Nan ne na fi so in daɗe, don nan ne ake yi wa mutane illa da kyakkyawar niyya. Za a yi ta shigowa ana cewa ya haƙuri, mutuwa rigar kowa, Allah ya ta'azantar, kuma duk gaisuwa ce mai kyau, ka amsa da godiya. Amma a ciki za ka ji masu cewa haba kai fa Kirista ne, share hawayenka, kuka rashin bangaskiya ne, ko kai namiji ne in ka yi kuka su mata su yi me. Wannan magana ba daga Littafi Mai Tsarki ta fito ba. Ka buɗe Farawa 50, Yusufu wanda ke mulkin ƙasar Masar ya faɗa kan fuskar ubansa Yakubu yana kuka yana sumbatarsa, Masarawa suka yi makoki kwana 70, da aka kai gawar hanyar Kan'ana aka sake yin kwana 7. Isra'ilawa sun yi wa Musa kuka kwana 30. Yesu da kansa a Baitanya, ya san sarai zai ta da Li'azaru nan da ɗan lokaci, amma ya tsaya ya zubar da hawaye, yana nan a Yohanna 11:35.

Ayar da aka fi karantawa a jana'izarmu, 1 Tasalonikawa 4:13, ba ta ce kar mu yi baƙin ciki ba, cewa ta yi kar mu yi shi irin na waɗanda ba su da bege. Kenan baƙin cikin na nan, begen ma na nan, tare za ka ɗauke su.

Abin yi a aikace: ka samu lokaci sau ɗaya ko biyu a rana ka bar tabarmar gaisuwa ka shiga ɗaki ko ka zaga bayan gida, ka ce wa wani ɗan'uwa ya zauna a madadinka. Ka ci abinci ko ba ka jin yunwa, ko kunu ne ko fura, ka sha ruwa. In 'yan zumunta sun zo da yamma da tulunansu da kacau-kacau suna waƙa, ba dole sai ka tashi ba, ka zauna ka saurara kawai, in akwai waƙar da marigayin ke so ka roƙa a yi ta.

Gargaɗi: in wani ya ce ka ɗan kurɓi burkutu ko ka haɗiyi ƙwaya don ka samu barci, ka ƙi. Da yawa daga nan suka fara. Haka ma azumi mai tsawo a makon farko, jikinka bai da ƙarfinsa yanzu, ka tuna annabi Iliya da ya gaji da rai har ya roƙi mutuwa, abin da mala'ika ya fara ba shi abinci ne da ruwa, sannan ya sake kwanciya.

4. In mahaifin naka ba Kirista ba ne

A gidajenmu wannan ba baƙon abu ba ne, ɗaki ɗaya na zuwa coci, ɗaya na zuwa masallaci, tsoho kuma wataƙila ya mutu a kan al'adar kakanni. In Musulmi ne, 'yan'uwa za su yi masa sutura su binne da wuri yadda addininsa ya tanada, kar ka ja da su a kan gawa, ka taya da abin da za ka iya, ɗebo ruwa, shimfiɗa tabarma, kuɗin abinci, ka zauna a karɓi gaisuwa da kai don ubanka ne. Inda aka zo abin da lamirinka bai yarda ba, musamman na tsafi ko yanka wa wani abu, ka janye a hankali ba tare da wa'azi ko zagi ba, ka faɗa wa babban gida tun kafin lokacin. Daga baya fasto da 'yan'uwa su zo ɗakinka su yi maka addu'a.

Sai tambayar da ke hana barci, yanzu yana ina. Ba ni da ikon ce maka ga inda yake, kai ma ba a ba ka wannan kujerar ba, kuma duk wanda ya zo wajen makoki ya yanke wa mamaci hukunci a gaban 'ya'yansa ya yi rashin hankali. Ibrahim ya tambaya a Farawa 18:25 ko mai shari'ar dukan duniya ba zai yi daidai ba. Ka riƙe wannan ayar, ka miƙa tsohonka ga Allahn da ya fi ka saninsa, ka riƙa maimaita haka duk sanda tunanin ya dawo, don zai dawo.

5. Bayan an watse: ka kafa ƙaramin tsari

Makon da ya fi wuya shi ne wanda ke bin bayan tafiyar baƙi. An naɗe tabarmi, an mayar da bencinan coci, ka leƙa ɗakin ka ga takalminta na roba a bakin ƙofa yadda ta cire shi, ga faifan da ba ta gama saƙawa ba rataye da allura a jiki, kuma ba wanda zai sake ce maka ka ci abinci kuwa. A nan ne mutane ke cewa addu'a ta ƙi fita.

Toh kar ka jira sai ka ji son yin addu'a. Ka zaɓi lokaci biyu da ba sa canzawa, da asuba kafin a fita gona, da dare bayan tuwo. Minti goma ya isa. Ga yadda za ka jera shi: ka karanta zabura ɗaya da murya, ba a zuci ba. Ka faɗa wa Allah abu ɗaya da ya fi yi maka zafi yau, da bakinka na gida, kaman "Uba yau na ɗaga waya zan kira Baba sai na tuna". Ka gode don abu ɗaya da marigayin ya yi maka. Ka rufe da addu'ar Ubangiji. Ranar da ko wannan ya gagara, ka zauna shiru da Littafin a hannu, Romawa 8:26 ta ce Ruhu na yi mana roƙo da nishin da ba ya faɗuwa da baki.

Littafin rubutun nan kuma, ka riƙa rubuta maganganunsa, karin maganar da yake yawan yi, sunayen kakanni da ya faɗa maka, iyakokin gona, yadda take haɗa daddawa. Yanzu kana ganin ba za ka manta ba, amma ana mantawa, kuma jikoki za su tambaya.

6. Abin da za ka karanta, da wanda za ka fara

Tsarin na da muhimmanci. Kar ka fara da ayoyin murna, zuciyarka za ta ji kaman ana yi mata dole. Makonni biyun farko ka zauna cikin zaburar kuka: Zabura 13 inda Dawuda ke ta tambaya har yaushe, Zabura 42, Zabura 88 wadda ta ƙare ba tare da wata ta'aziyya ba amma duk da haka aka bar ta cikin Littafi, sai Makoki 3. Bayan nan ka shiga na riƙo: Zabura 23, Zabura 34:18, Zabura 27:10 mai cewa ko uwa da uba sun bar ka Ubangiji zai lura da kai, da Zabura 68:5 inda aka kira Allah uban marayu. Daga nan sai na tashin matattu: Yohanna 11 gaba ɗaya, Yohanna 14:1-3, 1 Korintiyawa 15, da Ru'ya ta Yohanna 21:4.

In kana jin haushin Allah, ka faɗa masa. Marta da Maryamu dukansu biyu sun tari Yesu da cewa da kana nan da ɗan'uwanmu bai mutu ba, kuma bai kore su ba.

Kuskuren da ake yawan yi: buɗe Littafi ko'ina a ɗora yatsa a ce ga saƙon Allah na yau. Mai raunin zuciya zai iya faɗawa kan ayar hukunci ya ɗauka da shi ake.

7. Da-na-sani, mafarki, da masu cewa hannu aka sa

Kusan kowa sai ya yi da-na-sani, da na kai shi asibiti da wuri, da ban tafi cirani ba, da ban ɗaga mata murya ba rannan. Ka raba su gida biyu a takarda. Wanda ba ya hannunka, kaman rashin kuɗi, lalacewar hanya da damina, rashin likita a kusa, ka ja masa layi. Wanda da gaske laifinka ne, ka furta shi gaban Allah sau ɗaya, in ka so a gaban fasto ko dattijon da ke riƙe sirri, ka karanta 1 Yohanna 1:9, ka karɓi gafara. In tunanin ya sake tasowa ka ce an riga an gama da wannan.

Mafarkin mamaci kuma abu ne da ke faruwa da mutane da yawa, zuciyar da ke kewa ce, ba wai yana kiranka ba ne ko yana neman a yi masa yanka.

Babban gargaɗi: za a samu mai raɗa maka cewa mutuwar nan ba ta Allah ba ce, kishiya ce, ko baffan da suke rigimar iyaka, ko wata tsohuwa mayya ce. Daga nan sai a ce a je wajen boka, ko wajen wani mai kiran kansa annabi da zai ce kawo kuɗin mai da na azumi ya gano maka. Kar ka je. Kubawar Shari'a 18:10-12 ta hana duba da tambayar matattu, kuma na ga yadda irin wannan zargi ke raba gida har jikoki. Hawan jini, ciwon suga, ciwon hanta, zazzaɓin cizon sauro duk suna kashe tsofaffinmu ba tare da kowa ya sa hannu ba. In hawan jini ko suga ne ya ɗauke shi, kai ma ka je a auna ka, don suna bin jini.

8. Wanda ya rage da rai, takardu, da gado

Yesu yana kan gicciye ya damƙa uwarsa a hannun almajirinsa, kenan kula da wanda ya rage aikin bangaskiya ne. Ku 'ya'ya ku raba kwana da aiki, wa zai kwana kusa da Inna, wa zai ɗebo ruwa da itace, wa zai riƙa sayen magani. In uba ne ya rage a kula sosai, maza tsofaffi ba sa faɗin damuwarsu, sai dai ka ga ya daina cin tuwo ya daina fita dandali.

In marigayin ya yi aikin gwamnati ko yana da asusu a banki, a nemi takardar asibiti in can ya rasu, a yi rajistar mutuwa a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da ke ƙaramar hukumarku, don za a nemi shaidar wajen fansho da banki. Katin shaidarsa da layin wayarsa a adana, kar a ba yaro.

Gado kuwa, kar a raba cikin makonnin farko, zuciya na da zafi. Amma a rubuta komai da wuri gaban shaidu, gonaki, dabbobi, bashin da ake binsa da wanda yake bi, a biya bashi tukuna. Ranar rabo a kira dattawan ikilisiya da babban gida da mai unguwa ko dagaci, a sa hannu. Kar a fitar da gwauruwa daga ɗakinta, kar a manta da 'ya'ya mata. In rigima ta taso ku karanta ƙarshen Farawa 50 tare, inda 'yan'uwan Yusufu suka tsorata bayan mutuwar ubansu shi kuma ya kwantar masu da hankali ya ce zai ciyar da su da 'ya'yansu.

9. Komawa sujada da ranakun farko

Ka koma coci da wuri ko da a bencin baya za ka zauna ka fita kafin a tashi. Ganin wurin zamansa babu kowa zai yi zafi, ka sa wani ya zauna kusa da kai. In kana waƙa ko koyar da yara ka roƙi hutu na ɗan lokaci, ba laifi ba ne.

Ranakun farko su ne ke kayar da mutum ba shiri: ruwan shuka na farko ba Baba a gona, godiyar kaka, Kirsimeti, Ista, ranar da ya cika shekara. Ka shirya masu tun kafin su zo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ka gaya wa zumuntar matasa su yi maku gayya a gonar tsoho, kai dai ka tanadi kunu da goro. Ranar cika shekara ku taru ku gyara kabari, ku karanta zabura, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya tuna, a yi addu'ar godiya, ba sai an yanka bijimi ba. Kuma kar ka bari a ƙirga maka lokaci. Saratu ta rasu tana da shekara 127, lokacin Ishaku na wajen 37, ya yi aure yana 40, kuma a nan ne Farawa 24:67 ta ce ya ta'azantu bayan rasuwar uwarsa.

10. Lokacin da za a haɗa da asibiti

Akwai baƙin cikin da ke zama ciwo, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa shi cikin jerin cututtuka in ya wuce wata shida yana hana mutum gudanar da rayuwarsa. Alamomin da za a duba: ba barci ko kaɗan, rama, barin gona da wanka, ƙin ganin mutane, shaye-shaye, jin muryoyi. Wanda ya fara cewa gara ya bi mamacin, ko yana maganar kashe kansa, wannan ba a jira wata shida, ranar za a tashi. Kar a bar shi shi kaɗai, a kwashe maganin feshi da na ɓera da igiya daga ɗakin, a kira fasto, a kai shi babban asibitin da ke kusa. A Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Jigawa akwai na Kazaure. Ku tafi da ɗan'uwa ɗaya da ya san yadda abun ya fara, da duk magungunan da yake sha, da kuɗin mota da na kati, in kuɗin bai kai ba a gaya wa dattawa su duba asusun taimako na ikilisiya. Maganin da likita ya rubuta a sha shi har ƙarshe ana ci gaba da addu'a, kar wani ya ce a zubar wai don a nuna bangaskiya, kuma ranar da aka ce a dawo a koma.